Kankare mai garin taya ko kankaren da muka saba: wanne ya dace da gini a Damagaram?

Duk wanda ya ɗaura niyyar gini a Damagaram, ko gyaran tsohon gida ne a Birni ko Zango, ko kuwa sabon fili ne a unguwannin bakin gari, abubuwa uku ne suke tsaya masa a rai: tsadar siminti, wahalar ruwan da za a kwaɓa shi a kuma shayar da shi, da zafin da ɗakin siminti ke tarawa a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40 da rana. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da labarin zuba robar tsofaffin tayoyi a cikin kankare ya ja hankalin matasan magina da ɗaliban fannin gini, domin ana cewa yana rage zafi, yana rage tsagewa, kuma yana kawar da tayoyin da ke jibge a bakin gareji da tashoshin mota. Kowace daga cikin maganganun nan uku tana da ƙanshin gaskiya, amma kowace da irin asarar da ke biye da ita, kuma wanda zai fitar da guminsa ya cancanci ya san asarar tun kafin a sauke yashi a ƙofar gidansa. Abin da na tsaya a kai shi ne, yawan robar da kankare zai iya ɗauka ba tare da ya raunana ba bai isa ya sanyaya ɗaki ba, yawan da zai sanyaya ɗaki kuwa ya fi ƙarfin duk wani sashe da ke ɗauke da nauyin gini. Ke nan ba za a yanke wa gida gaba ɗaya hukunci guda ba, sai an bi shi sashe-sashe.

Kwaɓi iri uku ake gwadawa da juna. Na farko shi ne kankaren da aka saba, wanda ƙa'idarsa ta ginshiƙi da rufi a wajen maginanmu ita ce kilo 350 na siminti a kowace mita kubik, wato buhu 7 masu kilo 50, da yashi lita 400, da tsakuwa lita 800, da ruwa kimanin lita 175. Idan an auna daidai an kuma shayar da shi yadda ya kamata, ana sa ran ya kai ƙarfin megafaskal 25, a ma'aunin jure danni na kankare, bayan kwana 28. Na biyu shi ne wanda aka cire wani ɓangare na yashinsa aka maye gurbinsa da garin taya, wato robar da aka niƙe ta koma ƙwayoyi masu girman milimita 1 zuwa 4. Na uku shi ne wanda aka rage tsakuwarsa aka zuba guntayen taya masu girman milimita 10 zuwa 20 ko fiye. Abin lura a nan, wanda masu yayata wannan dabara ba su cika faɗa ba, shi ne cewa robar ba ta maye gurbin siminti ko da cokali ɗaya. Yashi da tsakuwa take tsaya wa, su ne kuma mafiya araha a cikin kwaɓin.

Taya kanta ba roba zalla ba ce. A tayar ƙaramar mota, roba ba ta kai rabin nauyinta ba. Kimanin kashi ɗaya cikin biyar baƙin garin gawayi ne na masana'anta, kimanin kashi 15 cikin 100 wayar ƙarfe ce, akwai zare, akwai kuma ɗan tutiya da farar wuta. Farar wutar nan ce ke ɗaure robar ta yadda ba ta narkewa a sake ƙera ta kamar leda, dabarar da Charles Goodyear ya yi wa rajista a Amurka a 1844, kuma ita ce dalilin da ya sa tsohuwar taya ta zama kaya mai wuyar sha'ani a duk duniya, inda ake ƙiyasin kimanin biliyan ɗaya ke gama aiki a kowace shekara.

Maganar ƙarfi ita ce uwa uba, kuma a nan kankaren da muka saba ya yi wa sauran biyun fintinkau. Tun a 1993 wasu masu bincike biyu a Amurka, Eldin da Senouci, suka auna abin da ke faruwa idan aka cire tsakuwa duka aka zuba guntayen taya, suka tarar ƙarfin jure danni ya faɗi da kusan kashi 85 cikin 100. Da suka bar tsakuwar suka maye gurbin yashi duka da garin taya, faɗuwar ta kai kimanin kashi 65. A 1999 Khatib da Bayomy suka sake bin sawun maganar, suka ba da shawarar kada roba ta wuce kashi 20 cikin 100 na jimillar yashi da tsakuwa. Gwaje-gwajen da suka biyo baya a ƙasashe da dama ba su rushe wannan ba: duk lokacin da roba ta ƙaru ƙarfi yana raguwa, kuma guntaye manya sun fi gari ɓarna. Ko da kashi 10 cikin 100 na yashi kaɗai aka canza, abin da aka fi samu shi ne raguwar da ta kama daga kashi ɗaya cikin goma zuwa kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin, gwargwadon girman ƙwayar da tsabtarta da yawan ruwan da aka zuba.

Dalilan wannan rauni ba ɓoyayyu ba ne, kuma fahimtarsu ita ce za ta hana magini ya ruɗu da tallar wani. Tsakuwar dutse tana da tauri fiye da simintin da ya kewaye ta, don haka idan nauyi ya sauka a kan kankare ita ce ke tallabe mafi yawansa. Ƙwayar roba kuwa laushinta ya ninka na kankare sau dubbai, saboda haka idan nauyi ya zo sai ta lotsa ta bar wa simintin da ke gefenta aikin, ƙarshe dai matsayinta a cikin ginin bai bambanta da na rami ba, kuma daga bakin wannan ramin ne tsaga ke farawa. Na biyu, roba ba ta shan ruwa, korarsa ma take yi, alhali siminti sai da ruwa yake kama abu. Shi ya sa idan aka fasa irin wannan kankare ana iya ciro ƙwayar robar da farce, ta fito tsaf ba siminti a jikinta. Na uku, tana jan iska ta riƙe a jikinta lokacin kwaɓi, kumfar iskar kuma wasu ƙananan ramukan ne. Na huɗu, nauyinta bai fi na ruwa da yawa ba, wajen 1.1 idan ruwa ya zama 1, yashi da tsakuwa kuwa suna wajen 2.6, don haka idan kwaɓin ya yi ruwa ko aka girgiza shi fiye da kima sai robar ta taso sama, saman ya cika da roba ƙasan ya zama kankare zalla.

Duk waɗannan alƙaluma daga ɗakunan gwaji suka fito, inda ake auna ruwa da sikeli, a kwaɓa da inji, a ajiye samfurin cikin ruwa har kwana 28. Mu kuwa galibin gidajenmu da shebur ake kwaɓa su a ƙasa, da baro ake auna yashi, ruwa kuma da ido. Sau da yawa yashin rairayi ne mai laushi wanda ke buƙatar ruwa fiye da yashin ƙorama, ga iskar hunturu ko ranar bazara da ke busar da kwaɓin tun bai gama kamawa ba, ga kuma ruwan shayarwa da mai gida ke saye jarka-jarka daga ƴan garuwa, wanda hakan ke sa a taƙaita kwana bakwai na shayarwa zuwa biyu ko uku. Kankaren da aka yi a haka da wuya ya kai megafaskal 25 ɗin da ke kan takarda ko da babu roba a cikinsa. Roba tana ƙara wata matsalar: tana sa kwaɓi ya yi ƙarfi a shebur, ma'aikaci kuma idan kwaɓi ya ƙi juyuwa ruwa yake ƙarawa, ƙarin ruwan ya sake cin wani kason na ƙarfin. Wanda ya fara da kankare mai rauni sannan ya cire masa kashi ɗaya cikin biyar, ya ɗora rufi a kansa, yana wasa ne da rayukan iyalinsa, kuma wannan ba wurin gwaji ba ne.

Akwai hanyoyin rage asarar, sai dai kowace tana da iyakarta. Wanke garin da ruwa don cire ƙura da maiƙo yana taimakawa, kuma shi ne mafi sauƙi. A shekarar 2000 Segre da Joekes a Brazil sun nuna cewa jiƙa garin a ruwan soda, irin wadda mata ke haɗa sabulu da ita, yana sa siminti ya fi kama shi. Amma sodar tana ƙona fata da ido, sai an ɗauraye garin sosai bayan haka, kuma ɗaurayar ruwa take ci a garin da ruwa ke da tsada. A 2022 masu bincike na jami'ar RMIT a Ostareliya sun sanar da cewa sun maye gurbin tsakuwa duka da roba suka kuma samu kankare marar nauyi wanda ya cika ƙa'idar gini, labarin da ya bazu sosai. Abin da ba a cika haɗawa da labarin ba shi ne sun yi hakan ne ta hanyar matse ɗanyen kwaɓin a cikin wani akwatin ƙarfe na musamman, wanda aikin masana'anta ne, ba na magini mai katako da ƙusa ba. Hanya ta ƙarshe ita ce ƙara siminti, kuma a lissafin kusa, mayar da ƙarfin da kashi 10 na roba ya cinye zai iya neman ƙarin buhu guda a kowace mita kubik, wanda hakan ya rushe duk wata maganar sauƙin kuɗi.

Inda kankare mai garin taya ya fi na gargajiya shi ne yadda yake karɓar duka da yadda yake tsagewa. Kankare zalla idan aka fi ƙarfinsa farat ɗaya yake fashewa, ba gargaɗi. Mai roba kuwa a hankali yake sallamawa, gutsattsarinsa suna riƙe da juna, kuma yana shanye bugu da girgiza fiye da ɗan'uwansa. Idan aka zuba daɓe mai faɗi, wanda rana ke buɗa shi dare ya tsuke shi, tsagar da ke fitowa a mai roba takan zama siririya ta rarrabu, maimakon guda ɗaya mai faɗi da ta ratsa daga bango zuwa bango. Maginan laka sun san makamancin wannan tun kaka da kakanni, domin ramnon da suke tattakawa a cikin ƙasa ba ƙarfin ɗaukar nauyi yake ƙara wa bango ba, tsagewa yake hana wa gudu. A jihar Arizona ta Amurka, wadda ita ma hamada ce mai zafi, an zuba irin wannan kankare a wata hanyar masu tafiya da ƙafa a harabar jami'ar jihar tun 1999. A 2018 kuma jami'ar Kudancin Ostareliya ta zuba daɓen gwaji irin na gidajen zama a harabarta, da roba har zuwa kashi 20 cikin 100 na yashi, aka bi shi ana dubawa shekaru, masu binciken suka ce ya dace da daɓen gida. A lura da kyau: a duka wuraren biyu abin da aka zuba shimfiɗe yake a ƙasa, ƙasa ce ke ɗauke da shi, ba shi ke ɗauke da kowa ba.

Wani alfanun da littattafan Turai da Amurka ke yawan yabawa, wato jure daskarewar ruwa a cikin kankare lokacin ƙanƙara, bai shafe mu ba sam. Rage nauyi ma a adadin da ke da aminci ba wani abin a zo a gani ba ne: idan aka canza kashi 10 na yashin mita kubik, lita 40 na yashin da aka cire ya haura kilo 60, lita 40 na garin taya kimanin kilo 20 ne, ke nan an rage kilo 40 da ɗoriya daga cikin kusan 2400 da mita kubik ke da shi.

Zafi ne abin da ya fi jan hankalin mutumin Damagaram, don haka ya kamata a yi masa adalci. A ma'aunin da injiniyoyi ke auna saurin ratsawar zafi, kankare zalla yana tsakanin 1.5 da 2, robar taya tana wajen 0.2, busasshen tubalin ƙasa kuwa yana tsakanin 0.5 da 1. Roba dai ba shakka tana tare zafi, ga kuma iskar da take riƙewa wadda ita ma ke taimakawa. Amma idan kashi 10 na yashi aka canza, robar ba ta kai kashi 5 cikin 100 na jikin kankaren ba, zafi kuma zai bi ta sauran ya wuce. Bambancin yana fitowa a na'urar gwaji, amma mai kwana a ɗakin da wuya ya ji shi a jikinsa. Kafin bango ya kusanci sanyin tubalin ƙasa sai robar ta kai kashi 30 zuwa 50 na yashi, a lokacin kuwa ƙarfin ya tafi da rabi ko fiye. Wannan shi ne tsakiyar maganar duka. Wanda burinsa ɗaki mai sanyi yana da zaɓin da ya fi wannan tun daga gida: katangun ƙasa masu kauri na Birni da fadar Sarkin Damagaram ba su buƙaci taya ba, kuma bulon ƙasa da ake matsewa da inji a ɗan sa masa siminti ya nuna kansa a manyan gine-gine, irin masallaci da ɗakin karatun Dandaji a jihar Tawa, wanda Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka tsara aka kammala a 2018. Haka kuma mafi yawan zafin ɗaki mai hawa ɗaya ta rufi yake shigowa, saboda haka silin a ƙarƙashin kwano, da tagogi masu fuskantar juna, da farin fenti ko farar ƙasa a saman rufi, da inuwar dogon yaro a gefen yamma, kowanne zai rage zafi fiye da garin taya a cikin bulo, kuma da kuɗi kaɗan.

Duk da haka akwai wuri guda da robar ke da ma'ana ta fuskar zafi, wato a matsayin shimfiɗa ta daban a saman rufin kankare wanda aka riga aka zuba da kwaɓi zalla. Shimfiɗar santimita 4 ko 5 mai roba da yawa ba ta ɗauke da komai sai kanta, don haka rauninta ba ya cutar da kowa, kuma tana tsaye daidai inda rana ta fi duka. Sharaɗi biyu ne: injiniya ya tabbatar rufin zai ɗauki ƙarin nauyin, kuma a rufe samanta da abin hana yoyo, domin kwaɓi mai roba da yawa yana da ƙofofin da ruwan damina zai shiga ya kwanta.

Wuta da ruwan sha su ne wurare biyu da kankare zalla ya fi aminci ba tare da jayayya ba. Yashi da tsakuwa ba sa ci da wuta. Roba kuwa tana fara lalacewa daga wajen digiri 200 zuwa 300, ta fitar da baƙin hayaƙi mai guba, ta bar rami a inda take. Ba za a zuba ta a daɓen madafa ko kusa da murhu ko tanda ba. Game da ruwa, taya tana sakin tutiya da wasu sinadarai a hankali, kuma a 2020 masu bincike a Amurka sun gano cewa wani sinadari da ke fitowa daga maganin da ake sa wa taya don kada ta tsattsage shi ne ke kashe wani nau'in kifi a ƙoramu. Siminti yana kulle mafi yawan ƙwayoyin, amma na saman suna haɗuwa da ruwa. A garin da gidaje da yawa ke gina tankin ajiyar ruwa saboda yankewar famfo, ya wajaba a faɗa a fili cewa tanki da bakin rijiya da kwamin shayar da dabbobi ba wurin garin taya ba ne.

Sai batun kuɗi da samuwar kaya, wanda shi ne ke yanke hukunci a ƙarshe ga mafi yawan mutane. Damagaram gari ne da Allah ya zaunar a kan dutse. Tsakuwa mai kyau ana fasa ta a nan, mata da samari da yawa da ita suke ci, yashi kuma amalanke da tifa ke kawo shi. Siminti ne ke zuwa daga nesa, ko daga Malbaza ko daga Najeriya, shi ne mai tsada, kuma shi ne robar ba ta ragewa. Garin taya kuwa sai an yi shi: a yanka tayar, a niƙa ta da inji mai ƙarfi da ke cin lantarki, a zare wayar da maganaɗisu, a tace zaren, a tankaɗe. A Turai wannan sana'a ta tsaya da ƙafafunta ne bayan dokar Tarayyar Turai ta hana binne taya a juji, ɗungurungum daga 2003, yankakkiya daga 2006, aka kuma ɗora wa masu sayar da taya nauyin tattara ta, wato akwai wanda ke biyan kuɗin niƙan. A wurinmu mai gida ne zai biya, ko ya yi odar garin daga nesa ya biya kuɗin mota. Yanka da wuƙa, kamar yadda masu takalman taya ke yi, guntaye manya marasa daidaito yake bayarwa, wato nau'in da ya fi raunana kankare, kuma idan waya ta rage a ciki za ta yi tsatsa ta kuma soki ƙafar yaro a tsakar gida. Don haka tsakanin gari da guntaye, gari ne zaɓi ko da ya fi wuyar samu. Guntaye ba su da wani wuri a gidan zama in ban da cikon da za a binne a ƙarƙashin daɓe.

Hujjar tsabtace gari ita ce ta fi taɓa ni, domin illar tsohuwar taya a fili take: da damina tana tara ruwan da sauro ke ƙyanƙyasa a ciki, ana ƙona ta don a ciri waya a sayar, wasu mahauta kuma suna babbakar kai da ƙafa da ita, hayaƙin ya bi unguwa, gubar ta bi nama. Amma a yi lissafi. Tsakar gida mai murabba'in mita 50 da daɓe mai kaurin santimita 8 za ta ci mita kubik 4. Kashi 10 na yashinta lita 160 ne na gari, kimanin kilo 80, kuma tunda tayar ƙaramar mota ba ta ba da fiye da kilo 5 zuwa 6 na gari, tayoyi wajen 15 ke nan. Abu ne mai kyau, amma ba shi zai share tarin da ke bakin tasha ba. Sannan tsohuwar taya a nan ba shara ba ce tun farko, tana da masu ita: mai faci yana tayar da wadda ke da sauran rai, mai amalanke yana sa ta, ana yanka takalmi da igiyar ɗaurin kaya, ana danne kwano da ita saboda iskar farkon damina. Wadda ta rage bayan duk wannan za ta fi amfani idan aka jera ta ɗungurungum aka cika ta da ƙasa aka daddanna, a tare zaizayar ƙasa a bakin kwazazzabo, domin wannan ba ya neman inji ko lantarki kuma yana cin tayoyi da yawa. Idan kuma hukuma ce ke neman inda za ta zuba garin taya mai yawa, kwalta ta fi kankare karɓarsa, dabarar da Charles McDonald ya fara a birnin Phoenix na Amurka a shekarun 1960, domin roba da kwalta suna haɗuwa da zafi su zama abu guda, saɓanin roba da siminti.

Idan aka bi gida sashe-sashe, hukuncin yana fitowa da kansa. Harsashi, ginshiƙai, ɗaurin da ke kewaye bango, kan ƙofa da taga, matakala da rufin kankare, duk kwaɓi zalla ne ba tare da ƙwayar roba ko ɗaya ba, kuma duk kuɗin da ya yi rara a kashe shi wajen yashi mai kyau da ruwan shayarwa na kwana bakwai cikakku. Bulon da bango mai ɗauke da rufi zai tsaya a kansa shi ma haka, musamman da yake masu buga bulo da yawa sun riga sun saba fitar da adadin da ya wuce ƙa'ida daga buhu guda, ba a ƙara wa irin wannan bulo wani raunin. Bulon da zai cike tsakanin ginshiƙai ko ya raba ɗaki da ɗaki yana iya ɗaukar kashi 10 zuwa 20 na yashinsa, kuma a nan za a ɗan samu ragin ƙara tsakanin ɗakuna. Daɓen tsakar gida, da baranda, da filin wasan yara a makaranta, da ƙananan bulon shimfiɗa na masu tafiya da ƙafa, su ne wuraren da garin taya ya fi cancanta, a kashi 5 zuwa 10, har 15 idan mota ba ta hawa. Inda tifa ko babbar mota za ta taka, a koma kwaɓi zalla.

Wanda ya samu gari mai tsabta ya kuma yanke shawarar gwadawa, ya auna shi da bokiti ɗaya da yashin da ya cire, ba da kilo ba, domin kilo ɗaya na roba ya fi kilo ɗaya na yashi cika wuri nesa ba kusa ba, kuma wanda ya auna da sikeli zai zuba ninki uku na abin da ya yi niyya. Ya wanke garin ya bar shi ya tsane, ya gauraya shi da siminti da yashi a bushe har launin ya zama ɗaya kafin tsakuwa da ruwa su shiga, ya tsaya a kan ma'aikata kada a ƙara ruwa don kwaɓi ya yi tauri, a daddanna a hankali ba tare da dogon girgizawa ba, a zuba da sassafe ko da yamma, a rufe da buhuna masu jiƙa. Kafin a taɓa tsakar gidan duka, a zuba murabba'in mita ɗaya da roba da wani ɗayan babu roba, daga yashi guda da buhu guda a rana guda, a shayar da su daidai, a jira kwana 28, sannan a gwada su da guduma da tayar baro mai kaya, a kuma fasa gefe a ga ko robar ta rarrabu ko ta taru a sama. Idan aikin na makaranta ne ko na kasuwa ko na buga bulon sayarwa, gwajin guduma bai wadatar ba. Sai an zuba samfura an kai ɗakin gwajin kayan gini an matse su da inji, injiniya ya sa hannu a kan sakamakon kafin a sayi garin da yawa.